Ranar da Aka Sauke Sunan Maigida daga Ƙofar Ofis

A ƙarshen watan Yunin 2022, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin zanen gine-gine na Birtaniya ya sanar da cewa daga ranar sunansa ya koma haruffa huɗu kacal: RSHP. Kafin nan Rogers Stirk Harbour + Partners ake kiransa, kafin wannan kuma Richard Rogers Partnership, sunan da ya ɗauka tun 1977. Mutumin da harafin farko ke nufi, Richard Rogers, ya rasu wata shida kafin sanarwar, ranar 18 ga Disambar 2021, yana da shekara 88. Wanda bai san cikin zancen ba sai ya ɗauka yaran gida ne suka yi gaggawar share sunan maigida tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba. Ba haka abin yake ba. Da hannun Rogers aka rubuta ƙa'idar da ta sauke sunan nasa, tun yana da ƙarfinsa, tun duniya na tururuwa zuwa ofishinsa. Kundin ƙa'idojin kamfanin ya tanadi cewa idan ya ajiye aiki, sunansa ba zai wuce shekara biyu a jikin kamfanin ba. Ya ajiye aiki a Yunin 2020. Da wa'adi ya cika, aka cika alkawari.

Kafin a gane nauyin wannan mataki sai an san me suna yake nufi a wannan sana'a. Mai sayen mota yana zagaya ta, ya tayar da injin, ya ji ƙararsa kafin ya biya. Wanda zai gina filin jirgin sama ko babbar kotu ba shi da wannan gata. Abin da ake ajiye masa a kan tebur zane ne a takarda da ɗan ƙaramin samfurin gini na katako ko roba, kuma a kan wannan zai amince a kashe dukiyar da ta isa kasafin wata jiha, a yi shekara biyar ko goma ana aiki. Abin da yake saye a ranar sa hannu amana ce, kuma amanar tana rataye ne a jikin suna. Shi ya sa canza sunan kamfanin zanen gini ya fi canza sunan lemon kwalba haɗari nesa ba kusa ba.

Ginin da ya zama tambarin kansa

An haifi Rogers a birnin Florence na Italiya a 1933, iyayensa suka koma Ingila yana yaro. Karatu ya ba shi wuya ƙwarai, don yana da lalurar da ke sa haruffa su riƙa rikice wa mutum, har ya kai wajen shekara 11 bai iya karatu sosai ba. A jami'ar Yale ta Amurka ya haɗu da Norman Foster, suka dawo gida suka kafa Team 4 a 1963 tare da Su Brumwell da Wendy Cheesman. A lura, sunan farko da ya yi aiki a ƙarƙashinsa ba na mutum ɗaya ba ne. Tafiyar ta watse a 1967, kowa ya kama gabansa.

Sai 1971, lokacin da Faransa ta buɗe gasar zanen wata cibiyar al'adu a tsakiyar birnin Paris. Zane 681 aka shigar. Wanda ya ci shi ne na Rogers da ɗan Italiya Renzo Piano, matasa biyu da ko shekara arba'in ba su kai ba, tare da injiniyoyin kamfanin Ove Arup, cikinsu har da Peter Rice. Abin da suka gina, Cibiyar Pompidou da aka buɗe a Janairun 1977, ya tayar da ƙura. Duk abin da magina suka saba ɓoyewa cikin bango, su sun fito da shi waje, suka kuma ba kowanne launinsa: bututun iska shuɗi, na ruwa kore, hanyar wutar lantarki rawaya, lif da hanyoyin hawa da sauka ja. Matakala mai tafiya da kanta ta ratsa fuskar ginin cikin wani dogon bututun gilashi tun daga ƙasa har bene na ƙarshe. Hikimar ita ce a bar cikin ginin wayam, a iya sarrafa shi yadda ake so, sannan rabin filin da aka ba su a bar wa jama'a ya zama dandali. Da aka nemi mai zane Jean Widmer ya yi wa cibiyar tambari, bai je nesa ba: layuka baƙaƙe a kwance, da matakalar nan ta gitta su. Ginin ya riga ya yi masa rabin aikin.

Haka ya sake faruwa a Landan da ginin kasuwar inshora ta Lloyd's, wanda aka gama a 1986, da matakalunsa da bututunsa na ƙarfe mai ƙyalli duk a waje. A 2011, yana da shekara 25 kawai, hukuma ta sa shi a ajin farko na gine-ginen tarihi da doka ta hana a taɓa. Ko ba a rubuta suna a jiki ba, mai ido ya san hannun da ya yi shi. Shi kansa Rogers ya zama wata alama, da rigunansa kore shar ko ruwan hoda da ake hango shi da su daga nesa a wurin taro. Idan ana maganar kamannin da jama'a suka san kamfanin da su, to nan suke, cikin launi da ƙarfe da gilashi, ba a saman takardar wasiƙa ba.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

Amma ga inda gizo ke saƙa. Kamfanin da aka kafa a 1977 ba Rogers kaɗai ya kafa shi ba. Akwai John Young, akwai Marco Goldschmied, akwai Mike Davies, wanda aka sani da sa jajayen kaya daga sama har ƙasa, kuma shi ya jagoranci aikin katafariyar rumfar Millennium Dome da tasha ta biyar ta filin jirgin Heathrow. Kusan shekara talatin suna aiki, sunan ko ɗaya daga cikinsu bai hau ƙofa ba. Wannan ciwo ne da ya daɗe a sana'ar. Wendy Cheesman tare da ita aka kafa Foster Associates a 1967, amma duniya Norman ta sani. A 1991 aka ba Robert Venturi lambar Pritzker, wadda ita ce mafi girma a fagen, aka tsallake matarsa kuma abokiyar aikinsa Denise Scott Brown, alhali tare suke zane tare suke rubutu. A 2013 ɗalibai suka tara dubban sa hannu suna neman a gyara, alƙalan lambar suka ƙi. Idan masu suna irin wannan suna iya ɓacewa a inuwar mutum ɗaya, ina ga matashin da ya yi shekara uku yana zana yadda tagar bene na ashirin za ta haɗu da ƙarfen da ke riƙe ta?

Rogers ya san da wannan, kuma abin yabonsa shi ne bai tsaya ga faɗa da baki ba. Wajen 1990 shi da abokan tarayyarsa suka rubuta kundin da ya miƙa mallakar kamfanin ga wata gidauniyar jinƙai. Babu wanda ke da hannun jarin da zai sayar idan zai tafi, ko ya bar wa magada. An ƙayyade iyakar ninkin da albashin manya zai yi wa na ƙaramin mai zane. Ana raba riba da ma'aikata, ana ware wani kaso a bayar sadaka. Ofishinsu na wancan lokaci, Thames Wharf a bakin kogi, yana da wurin cin abinci, River Café, wanda matarsa Ruth da Rose Gray suka buɗe a 1987, kuma ma'aikatan ofishin na cikin mutanen farko da ya fara ciyarwa kafin ya shahara. Duk wannan yana nuna mutumin da ke kallon kamfani a matsayin jama'a, ba gonar gado ba.

Mataki na biyu ya zo a 2007, shekarar da aka ba shi lambar Pritzker. A daidai lokacin da sunansa ya fi kowane lokaci tsada, sai ya raba shi da mutum biyu: Graham Stirk, wanda ya shigo kamfanin a 1983, da Ivan Harbour, wanda ya shigo a 1985. Dukansu a kan aikin Lloyd's suka fara. Ba kyauta aka yi musu ba. Harbour ne ya jagoranci zanen tasha ta huɗu ta filin jirgin Barajas a Madrid, tare da kamfanin Estudio Lamela na Sifen, mai rufi kamar igiyar ruwa da aka shimfiɗe cikinsa da gora, wadda ta ci lambar yabo ta Stirling a 2006. Shi ne kuma ya jagoranci ƙaramar cibiyar Maggie's ta masu fama da ciwon daji a Landan, wadda ta sake cin lambar a 2009. Stirk kuwa shi ya jagoranci dogon benen Leadenhall mai tsayin mita 225 da aka gama a 2014, wanda aka karkatar da fuskarsa don kada ya tare wa masu tahowa ta titin Fleet ganin kubbar majami'ar St Paul. Daga baya kamfanin ya kwashe kayansa ya koma cikin wannan bene, daura da Lloyd's.

Ke nan masu ba da aiki sun yi shekara 15 suna furta sunan Stirk da Harbour, suna zama da su a tebur, suna kiran wayarsu idan matsala ta taso, kafin a taɓa sunan Rogers. A nan ne nake ganin darasin yake. Canjin 2022 bai girgiza kowa ba saboda ainihin canjin an gama shi tuntuni. Sabon suna ya zo ne ya tabbatar da abin da ya riga ya faru. A farkon 2023 hukumar unguwar Camden ta amince da zanen faɗaɗa Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya, kuma haruffa huɗun nan ne a jikin takardun.

Aikin da ba a gani

Jama'a sabon tambari kawai suke gani, amma a cikin ofis hidima ce ta watanni. Kowane zanen gini yana da ɗan akwati a kusurwa mai ɗauke da sunan kamfani, lambar zane, ranar da aka gyara shi da wanda ya duba. Babban aiki guda yana iya haifar da dubban irin waɗannan takardu, kuma suna hannun 'yan kwangila a ƙasashe daban-daban. Akwai allon da ake kafawa a bakin wurin aiki, da hular kwano da rigar aiki, da adireshin intanet da na imel. Akwai yarjejeniyoyin da aka sa wa hannu da tsohon suna waɗanda aikinsu bai ƙare ba, da takardun inshorar da za ta biya diyya idan kuskuren zane ya jawo asara bayan shekaru. Lauya yana da aiki a nan daidai da mai zanen tambari. Mai gini yana son ya san abu ɗaya: idan rufi ya fara yoyo nan da shekara takwas, wa zai kama?

Ta fuskar kamanni kuwa, misalin da ya fi koyarwa yana wajen tsohon abokin Rogers. Norman Foster ya ƙulla abota da Otl Aicher, Bajamushen da ya zana ƙananan alamomin wasanni na gasar Olamfik ta Munich a 1972, ya kuma tsara kamannin kamfanin jiragen Lufthansa. A 1988 Aicher ya fitar da wani salon haruffa da ya kira Rotis, sunan ƙauyen da yake zaune. Kamfanin Foster ya ɗauke shi ya riƙe. Da shi aka rubuta allunan tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa na Bilbao da Foster ya zana, waɗanda aka buɗe a 1995. Aicher ya rasu a 1991, sunan kamfanin ya sauya fiye da sau ɗaya, daga Foster Associates zuwa Sir Norman Foster and Partners har zuwa Foster + Partners na yau, amma haruffan suka zauna daram shekara da shekaru. Suna yana motsi, ido kuwa yana ganin abin da ya saba gani, sai hankali ya kwanta. Wannan ita ce dabarar da masu gaggawar zubar da komai a rana ɗaya suke mantawa da ita: idan za ka canza abin da kunne ya saba ji, ka bar wa ido wani abu da zai riƙe.

Sai dai ina da ƙorafi a kan mayar da sunan kamfani haruffa zalla, kuma ba zan ɓoye ba. SOM, KPF, HOK, OMA, BIG, yanzu ga RSHP. Duk sun zama kamar lambar mota. Skidmore da Owings da Merrill, masu haruffan SOM, mutane ne da suka haɗu a shekarun 1930, amma yau kaɗan ne daga masu ɗaukar hoto a gaban Burj Khalifa na Dubai, mai mita 828, suka san kamfaninsu ne ya zana shi, balle su san Adrian Smith da injiniya Bill Baker da suka jagoranci aikin. An gudu daga zaluncin suna ɗaya, an faɗa inda ba a ganin kowa. Suna linzami ne. Mutumin da sunansa ke jikin gini yana jin kunyar a nuna shi da yatsa. Haruffa ba sa jin kunya. Tun Rogers na raye ma an soki kamfaninsa kan gidajen attajirai irin su One Hyde Park, aka ce ina aƙidar birni na kowa da kowa da yake wa'azi? A lokacin akwai fuskar da za a tuhuma, kuma tana amsawa. Nauyin da ke kan RSHP yanzu shi ne ya riƙa fito da sunayen masu jagorantar kowane aiki fili, yabo ko zargi ya san inda zai sauka.

Idan suna ya zama haya

Wanda ke son ganin abin da Rogers ya kauce wa, ya dubi kamfanin Zaha Hadid. Haifaffiyar Bagadaza ce a 1950, mace ta farko da ta ci lambar Pritzker a 2004. Ta rasu kwatsam a Miami ranar 31 ga Maris 2016, tana tsakiyar ganiyarta, da ayyuka birjik a kan tebur. Shekara uku kafin nan an ƙulla wata yarjejeniya da ta ba kamfanin izinin amfani da sunanta, a kan zai riƙa biyan kashi 6 cikin ɗari na kuɗin shigarsa kowace shekara. Bayan rasuwarta haƙƙin ya koma hannun gidauniyar da ke ɗauke da sunanta. Magajinta a ofis, Patrik Schumacher, ya yi shekaru yana shari'a da sauran mutum uku da ta naɗa su kula da dukiyarta. A 2021 kamfanin ya koma mallakar ma'aikatansa, daga baya ya je kotu yana neman a ba shi damar fita daga yarjejeniyar, bayan ya biya sama da fam miliyan 21 daga 2018 zuwa 2024. A hukuncinta na ƙarshen 2024, Babbar Kotun Ingila ta ƙi.

Ba na ganin mugu a cikin wannan labari. Gidauniya tana kare abin da marigayiya ta bari, ma'aikata ɗaruruwa kuma suna ganin guminsu ne ke biyan hayar sunan wadda ba ta ga zanen da suke yi yau ba. Kowane ɓangare yana da hujja. Abin tausayin shi ne tambayar da ya kamata a warware ana raye, ana shan shayi tare, ta koma hannun alƙali.

Wasu sun bi hanya mai sauƙi. César Pelli, wanda ya zana tagwayen benayen Petronas na Kuala Lumpur, ya rasu a 2019, a 2021 kamfaninsa ya koma Pelli Clarke & Partners. Wasu kuma dole ce ta sa: bayan jaridar New York Times ta buga zargin cin zarafi da mata biyar suka yi wa Richard Meier a 2018, kamfaninsa ya koma Meier Partners a 2021, aka zare sunansa na farko aka bar na biyu. Irin wannan rabin wanka ba ya gamsar da kowa.

Daga Yamai, an bi ta ɗaya hanyar

Labarin yana da reshe a ƙasar Hausa, kuma ya zo a juye. A 2014 Mariam Issoufou, 'yar Nijar da aka fi sani a lokacin da Mariam Kamara, ta buɗe ofis a Yamai ta kira shi Atelier Masomi. Ilimin kwamfuta ta fara yi a Amurka, ta yi shekaru tana aikinsa kafin ta koma jami'ar Washington ta karanci zanen gini. A ƙarƙashin wannan suna aka yi kasuwar Dandaji a jihar Tawa, mai rumfunan ƙarfe kala-kala da ke ba da inuwa. A ƙarƙashinsa kuma, tare da Yasaman Esmaili 'yar Iran, aka yi cibiyar Hikma a 2018: tsohon masallacin ƙasa na garin ya koma ɗakin karatu, aka gina sabo a gefensa da bulon ƙasa da ake matsewa da inji. Tsohon masallacin aikin Alhaji Falke Barmu ne, maginin da masallacinsa na Yama ya ci lambar Aga Khan a 1986, kuma an gayyato magina na gargajiya cikin aikin gyaran.

Bayan kimanin shekara goma, ofishin ya ajiye wancan suna ya koma Mariam Issoufou Architects. Yanzu tana koyarwa a jami'ar ETH ta Zurich, tana da ofis a New York bayan na Yamai, kuma ita aka ba zanen cibiyar tsohuwar shugabar Laberiya Ellen Johnson Sirleaf a Monrovia. Na ji zafin ɓacewar kalmar Hausa daga allon kamfanin da duniya ke kallo, wannan gaskiya ne. Amma ba zan auna ta da ma'aunin Landan ba. Rogers ya sauke sunan da ya riga ya cika duniya har ya fara rufe na wasu. A nahiyarmu matsalar akasin haka ce. Manyan gine-ginen biranenmu da yawa an san kamfanin Turawan da ya zana su, ba a san ɗan ƙasar da ya tsaya a rana ya ga an aza su ba. Gine-ginen ƙasa kuwa littattafan waje sun daɗe suna nuna hotonsu ba tare da sunan gwanin da ya yi su ba, kamar daga ƙasa suka tsiro. A irin wannan fage, mace 'yar Nijar ta rubuta cikakken sunanta a kusurwar zane, ya shiga gasa kafaɗa da kafaɗa da na Foster, abu ne da ɗalibar zanen gini a Zariya ko Maraɗi za ta gani ta san akwai hanya.

Ofishin nata yana girma, kuma akwai matasa a cikinsa da ke zana bango da rufi a Yamai yayin da take aji a Zurich. An haife ta a 1979, don haka da sauran lokaci a gabanta kafin maganar wa zai gaje ta ta taso. Rogers ya haura hamsin lokacin da ya zauna da abokansa suka rubuta nasu kundin, kuma sai da aka yi fiye da shekara talatin kafin a buƙaci sakin layin da ya shafi sunansa.